Kwana Biyar a Kan Babur: Sharhi a Kan Rubutun Wani Ɗan'uwa Daga Maska

A zamanmu na karatu da ya gabata, wani ɗan'uwa daga Maska ya karanta mana babi biyu daga cikin littafin da yake shirin kai wa maɗaba'a, wanda ya ƙunshi labarin wata tafiya ta kwana biyar da suka yi a kan babur, shi da wani abokinsa bakanike. Bayan an tashi sai ya damƙa mini rubutun gaba ɗaya, shafi 64, ya ce in duba in faɗa masa gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Na duba, na kuma nemi izininsa in yi sharhin a wannan fili, domin abin da na gani a rubutunsa ciwo ne da ya shafi da yawa daga cikinmu. Ya amince, bisa sharaɗin in sakaya sunansa. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Abin da Littafin Ya Ƙunsa

Tafiyar ta auku shekaru da dama da suka wuce, tun dajin yammacin Katsina yana shiguwa. Sun tashi daga Maska da kaka, lokacin da auduga ta fara fashewa, suka yi wa kansu alkawarin ba za su taka kwalta ba sai inda ya zama tilas. Suka bi burtali da hanyoyin shanu ta ƙasar Faskari, suka ɓulla wajen Yankara, suka shiga duwatsun Tsafe a Zamfara, har suka dangana da gindin Dutsen Kwatarkwashi, sannan suka juyo gida. Sun kwana huɗu a hanya: sau biyu a zauren mai unguwa, sau ɗaya a masallaci, sau ɗaya a rugar Fulani. Zubin littafin mai sauƙi ne, kowace rana da babinta, kuma wannan tsari ya dace da irin labarin.

Inda Marubucin Ya Yi Ƙoƙari

Ba shakka babi na uku shi ne zuciyar littafin. A nan ne sarƙar babur ta tsinke musu a cikin wani kwazazzabo da la'asar sakaliya, babu gari kusa. Marubucin ya san babur, kuma saninsa ya fito a alƙalaminsa. Ya nuna mana yadda yashin busasshen rafi ke cafke tayar gaba da zarar mutum ya sassauta mai, da dalilin da ya sa bakaniken ya rage iskar tayoyi kafin su tsallaka, da yadda ake hawa fa da giya ta ɗaya, mai goyo ya sauka ya bi da ƙafa. Ya ba mu labarin yadda suka tura babur har cikin dare, da yadda wani maƙeri ya sare ƙusa ya yi musu fil ɗin da ya haɗe sarƙar. A duk tsawon babin jimlolinsa gajeru ne, babu kwalliya, mai karatu yana jin gumi da ƙishirwa. Da littafin duka haka yake, da taya murna kawai zan yi in ajiye alƙalami.

Rauni na Farko: Mutane Ba Su da Baki

Matsalar ita ce babur shi ne tauraron littafin, mutanen ƙasar kuwa sun zama kamar itatuwan gefen hanya. Maƙerin nan da ya cece su, ba mu ji ko kalma ɗaya daga bakinsa ba. Matar da ta dama musu fura a ruga, da tsohon da ya raka su ya nuna musu mashigin dutse, da masu unguwar da suka ba su tabarma, duk sun wuce kamar inuwa. Mutum ya kwana huɗu a gidajen mutane, a ce bai ji abin da ke damunsu ba? Wace kasuwa suke ci? Ina suke ɗibar ruwa da rani? Yaya manomi da makiyayi ke zaune a wancan lokaci? Ko tambaya ɗaya daga cikin waɗannan ba a amsa ba.

Wannan ya tuna mini da tseren motoci da babura na Paris zuwa Dakar, wanda Bafaranshen nan Thierry Sabine ya ƙirƙiro a ƙarshen 1978, wanda kuma ya sha ratsawa ta Agadas da saharar Tenere a Nijar. Shekara da shekaru ana nuna shi a talabijin, amma ƙauyukan da aka ratsa ƙura kawai ake gani ta lulluɓe su. Ga ɗan tsere, ƙasa shinge ce da za a tsallake. An soke tseren a 2008 saboda rashin tsaro a Muritaniya, aka mayar da shi Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya daga 2020, ya ci gaba da sunansa na Dakar kamar ba a yi komai ba, domin dama ba don mutanen wurin ake yi ba.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai Ernesto Guevara, wanda duniya ta sani da Che. A farkon 1952, yana ɗalibin likitanci, suka hau wani tsohon babur ƙirar Norton shi da abokinsa Alberto Granado, suka tashi daga Ajantina suka tsallaka duwatsun Andes. Babur ɗin ya mutu musu a Chile, suka ƙarasa tafiyar a ƙafa da bayan manyan motoci. Abin lura ga marubuci shi ne, sassan da aka fi tunawa a littafin da aka buga daga rubuce-rubucensa na wannan tafiya sun zo ne bayan mutuwar babur ɗin: haɗuwarsu da ma'aikatan haƙar ma'adinai, da zamansu a mazaunin kutare na San Pablo a Peru. Babur ya kai shi wurin mutane, daga nan aikinsa ya ƙare. Ɗan'uwanmu na Maska ya fi kusa da ɗan tsere, alhali abin da ke hannunsa ya fi ƙarfin haka.

Rauni na Biyu: Duwatsu Marasa Kama

Na ƙirga, sau 23 marubucin ya ce wani wuri "mai ban sha'awa" ne. Wannan siffa ba ta nuna wa mai karatu komai. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Funtua zuwa Gusau ya ga Dutsen Kwatarkwashi, ya san ba ya kama da tuddan Faskari, amma a littafin nan duk dutse dutse ne. Alhali Hausa ba ta gaza ba. Muna da fa, da tsauni, da hayi, da kogo, da kwari, da marmara, kowanne da abin da yake nufi. Haka itatuwa: maimakon "bishiyoyi masu koren ganye" da ya yi ta maimaitawa, ina kaɗanya, da ɗorawa, da marke, da kuka, da gawo? Yaron ƙauye ya san gawo yakan kaɗe ganyensa da damina ya yi sabo da rani. Layi ɗaya irin wannan ya fi shafi guda na yabo.

A tawa fahimtar, wannan cuta ta samo asali ne daga karatunmu. Mun saba da lambunan littattafan soyayya, inda kullum iska ke kaɗawa, furanni na ƙamshi, tsuntsaye na rera waƙa. Idan muka fita daji sai mu ɗauki wannan lambu mu tafi da shi, mu rufe ido ga abin da ke gabanmu. Mawaƙanmu na baka sun fi mu lura. Marigayi Mamman Shata, wanda ya zauna a nan Funtua, ya rasu a 1999, idan ya ɗauko tafiya a waƙa yakan jero garuruwa da mutanensu har mai sauraro ya ji kamar yana cikin motar.

Rauni na Uku: Ina Maska?

Layi biyu kacal aka ba garin da tafiyar ta faro. Wannan asara ce. Maska tsohon gari ne mai tarihin sarauta tun kafin jihadi, wanda ya yi suna wajen noman auduga da saƙa da rini, kuma har yau hakimin Funtua sarautar Sarkin Maska yake riƙe da ita. Zuwan jirgin ƙasa da injin gurzar auduga Funtua a zamanin Turawa ya janye harkoki daga tsohon garin zuwa sabon. Mutumin da ya tashi a ƙasar laka, ƙasar masara da dawa da auduga, idan ya shiga ƙasar duwatsu dole idonsa ya riƙa auna abin da ya gani da na gida: a ce a nan garma ba ta shiga kamar tamu, a nan rumbu a kan fa ake ɗora shi. Matafiyin da bai nuna mana inda ya fito ba, ba za mu san abin da ya ba shi mamaki ba.

Magabatanmu sun san wannan. Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram da ya bi Barth zuwa Turai a 1855, wanda Schön ya buga labarinsa a cikin Magana Hausa a 1885, da idon Bahaushe ya kalli Ingila. Alhaji Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda aka buga a 1944, yana bayani ga mai karatun da bai taɓa ganin teku ba. Malam Aminu Kano ma ya bar mana Motsi Ya Fi Zama. Sai dai mai karatu zai lura dukkansu waje suka fuskanta. Labarin Bahaushe yana yawo a cikin ƙasarsa, yana kallonta da idon basira, kaɗan ne ƙwarai a rubuce. Abin kunya ne a ce wanda ke son sanin yadda kasuwar Kano take a 1851 sai ya nemi littafin Barth, Bajamushe. Wannan giɓi ne ɗan'uwanmu ya tsaya a bakinsa, shi ya sa nake matsa masa.

Shirun da Ya Fi Damuna

Littafin ya ƙare da dawowarsu Maska lafiya, aka wanke babur, shi ke nan. Da na tambaye shi me ya sa bai ce komai a kan abin da ya sami wannan ƙasa daga baya ba, sai ya ce ba ya son shiga siyasa. To, amma mai karatun yau ya san abin da marubucin ya ɓoye. Ya san a daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga a kan babura suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Ya san a 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta rufe wasu hanyoyi da kasuwannin dabbobi, ta hana goyon mutum uku a babur da sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Funtua da Malumfashi da Faskari. Babur ɗin da ke kai mai naƙuda asibiti, ya kai taki gona, shi ne a waɗannan shekaru ƙararsa da dare ta zama abin da ke sa uwa ta rungume 'ya'yanta.

Saboda haka abin da ke hannun ɗan'uwanmu ya wuce labarin yawon shaƙatawa. Shaida ce ta lokacin da baƙi biyu za su iso ruga a kan babur da magariba, a shimfiɗa musu tabarma ba tare da tsoro ba. Akwai yara a Maska da Dandume da Sabuwa da suka girma ba su san an taɓa yin haka ba. Idan waɗanda suka gani ba su rubuta ba, nan gaba za a ɗauka tun fil'azal haka dajin yake, kuma tun fil'azal haka manomi da makiyayi suke. Ban ce ya mayar da littafin makoki ba. Babi ɗaya ya isa, wanda zai faɗa mana abin da ya ji game da waɗannan wurare tun bayan dawowarsa. Ina kuma ba shi shawara ya sauya sunayen ƙananan ƙauyukan da mutanen da suka sauke shi, don kada alheri ya jawo musu fitina. Sakaya suna daban, toshe baki daban.

Kammalawa

Akwai ƙananan gyare-gyare da na yi masa a gefen takarda, kamar kalmomin Ingilishi da ya cusa inda muke da namu, da haɗe kalmomin da ya kamata a raba, da rashin sa ƙugiya a haruffa. Waɗannan aikin kwana biyu ne. Babban aikin shi ne ya dakatar da zuwa maɗaba'a, ya nemi abokin tafiyarsa su zauna su tuno hirarrakin da aka yi a zaurukan nan, ya buɗe littafin da Maska, ya rufe shi da gaskiyar abin da ya biyo baya, sannan ya ɗauki babi na uku ya zama ma'aunin sauran.

Ga sauran 'yan'uwa masu tasowa kuwa, ba sai mutum ya je Kwatarkwashi ba. Tafiya daga ƙauyenku zuwa kasuwar Funtua a bayan ɗan kabu-kabu, da buhun masara tsakaninku, ta isa babi guda idan ka buɗe ido da kunne, ka tambayi sunan kowane rafi da kuka tsallaka. Ina jiran ganin gyararren rubutun ɗan'uwanmu a zama na gaba, kuma fili a buɗe yake gare shi idan yana da martani. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a dazuzzukanmu, amin.