Gajeriyar Tambaya: Tarken Salon Hirar Larry King

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce matambayi ba ya ɓata. Wannan takarda za ta dubi aikin mutumin da ya shekara fiye da sittin yana cin abinci da tambaya, wato Larry King, ɗan jaridar rediyo da talabijin na ƙasar Amurka. Manufa ita ce a tantance abin da gajeriyar tambaya take iya fitarwa daga bakin baƙo, da kuma abin da take bari a rufe. Batun ya shafi ɗalibin harshe kai tsaye, domin duk wanda zai fita tattara bayanai daga bakin mutane, da tambaya zai yi aiki.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Larry King a unguwar Brooklyn ta birnin Niyok a shekarar 1933. Sunansa na yanka Lawrence Zeiger. Ya soma aikin rediyo a Miyami a 1957, kuma a nan ne ya ɗauki sunan da duniya ta san shi da shi. A 1978 ya fara gabatar da shirin dare na rediyo wanda ake ji a faɗin Amurka, inda masu sauraro suke bugo waya su yi wa baƙo tambaya. A 1985 tashar CNN ta ba shi shirin Larry King Live, ya riƙe shi har zuwa Disamba 2010. Ya rasu a Janairu 2021 yana da shekara 87.

3.0 Salon Tambayarsa

Idan aka lura da hirarrakin King, za a ga tambayoyinsa ba su cika wuce jimla ɗaya ba. Mafi yawansu da kalmomin tambaya suke farawa, wato irin su "me ya sa" da "yaya". Irin wannan tambaya ba ta amsuwa da i ko a'a, sai baƙo ya yi bayani. Bugu da ƙari, King ba ya gabatar da ra'ayinsa kafin ya yi tambaya. Ya sha faɗa cewa ba ya karanta littafin marubuci kafin ya yi hira da shi, wai don ya tsaya a matsayi ɗaya da mai kallo wanda shi ma bai karanta ba.

Wannan salo ya yi masa rana. A Agusta 2000 jirgin yaƙin Rasha mai tafiya a ƙarƙashin ruwa, Kursk, ya nutse da mutum 118. A watan da ya biyo baya shugaba Vladimir Putin ya zo shirin, King ya tambaye shi me ya sami jirgin. Putin ya amsa da kalma biyu cikin Rashanci, cewa ya nutse, fuskarsa da ɗan murmushi. Har yau ana tuna wannan amsa a matsayin alamar rashin tausayi. Da a ce tambayar doguwa ce mai ɗauke da zargi, da Putin ya sami abin musantawa. Da yake gajeriya ce, ba ta ba shi wurin fakewa ba.

Har ila yau, saukin halinsa ya sa manya suna amsa gayyatarsa. A shirinsa ne attajiri Ross Perot ya nuna, a Fabrairu 1992, cewa zai tsaya takarar shugabancin Amurka idan magoya bayansa suka sa sunansa a takardar zaɓe a jihohi 50. A 1995 kuma ya haɗa Yitzhak Rabin da Yasir Arafat da Sarki Husaini na Jodan a hira ɗaya.

4.0 Raunin Salon

Sai dai abin da ya jawo masa baƙi, shi ne kuma tushen rauninsa. Ɗan siyasa yana son zauren da zai shiga ya fita ba tare da an ƙure shi ba. Mai tambayar da bai yi bincike ba, ba shi da hanyar gane ƙarya idan an shara masa ita, saboda haka tambayarsa ta biyu ba ta da haƙori. A hira kuwa, tambaya ta biyu ce take ƙure mai amsa, domin ita ce take auna maganarsa da abin da aka riga aka sani.

Wani lokaci rashin shirin yakan fito fili. A 2007 ya tambayi ɗan wasan barkwanci Jerry Seinfeld ko tashar ce ta soke shirinsa, alhali Seinfeld da kansa ya rufe shirin a 1998 yana kan gaba wajen yawan masu kallo. Baƙon ya mai da abin ba'a a gaban jama'a. A nan kunya kawai aka ji. Inda baƙon mai mulki ne, asarar ta masu kallo ce.

Ana iya kwatanta wannan da hirar da David Frost, ɗan jaridar Ingila, ya yi da tsohon shugaba Richard Nixon a 1977. Frost ya zo da masu bincike da takardu a kan abin kunyar Watergate, ya yi ta bin amsa da wata tambayar, har Nixon ya amsa cewa ya ba Amurkawa kunya. Salon King ba zai iya fitar da irin wannan ikirari ba.

Bayan ya bar CNN, tashar RT, wadda gwamnatin Rasha take ɗaukar nauyinta, ta riƙa nuna shirye-shiryensa tun daga 2013, abin da ya jawo masa suka. Ke nan mai tambayar da ba ya ƙure kowa, kowa yana iya cin moriyar sunansa.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa King gwani ne wajen buɗe bakin mutum, amma bai damu da tace abin da ya fito ba. Ɗalibin da zai yi hira da makaɗi ko maƙeri ko wata tsohuwa mai tatsuniya yana da abin koyi a wurinsa: ya taƙaita tambaya, ya ɓoye ra'ayinsa, ya saurara har mai magana ya dire. Amma kada ya koyi zuwa hira hannu rabbana. Ya yi karatunsa tun daga gida, don ya san inda amsa ta kauce, ya kuma san abin da zai tambaya bayan ta.