Aji ko Sitidiyo: Nazari kan Yadda Ake Koyon Haɗa Bidiyo da Zane Mai Motsi

Mai kallon talabijin ba ya tambayar wanda ya yi rubutun da ke sulalowa ƙasan allo ɗauke da sunan mai magana, ko tambarin tashar da ke juyawa kafin labarai, ko jerin sunayen da ke buɗe shiri irin Daɗin Kowa na Arewa24. Amma aiki ne mai zaman kansa, yana da ƙa'idoji, yana da tarihi. A Amurka, Saul Bass ne ya ɗaga darajarsa da mabuɗin fina-finai irin su Vertigo a 1958 da Psycho a 1960, inda layuka da haruffa masu motsi ke saka wa mai kallo fargaba tun kafin ɗan wasa ya buɗe baki. Yau ana karanta wannan fanni a manyan makarantu tare da ɗaukar hoto da editin.

A wajenmu sana'ar ta riga makarantar zuwa. Tun daga fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, yawancin editocin fina-finan Hausa a bayan maigida suka koya, a ɗakunan sitidiyo irin na titin Gidan Zoo a Kano. Yaro zai fara da aike da kwafe kaya daga kati zuwa kwamfuta, sai a bar shi ya daidaita sauti da hoto, wata rana maigida ya yi tafiya a ce ya ƙarasa tirela. Ba a raina wannan hanya ba. Tana koyar da sauri, da jure furodusan da ke tsaye a ka yana jiran aiki gobe da safe, da sanin abin da kasuwa ke so. Lahaninta ɗaya ne, amma babba: yaro yana gadon hannun maigidansa duka, har da kurakuransa, ba kuma wanda zai gaya masa dalilin komai. Shi ya sa aka daɗe ana ganin sunayen 'yan wasa suna tashi da wuta, suna juyi, suna tarwatsewa, ko da fim ɗin na mutuwar aure ne. Manhajar editin tana da wannan ƙawa a ajiye, sai aka danna.

Makarantun kuwa akwai su. A Jos kaɗai akwai Kwalejin Talabijin ta NTA mai alaƙa da Jami'ar Ahmadu Bello, da Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta rarraba digirin aikin jarida zuwa fannoni 7, ɗaya daga ciki na fim da haɗakar kafafen sadarwa ne. Mataki ne mai kyau, domin a da ɗalibi kan gama shekara huɗu ya ɗanɗani rediyo da jarida da talla da talabijin, bai ƙware a ko ɗaya ba.

Tambayar ita ce me aji zai ba ɗalibi wanda YouTube ba zai ba shi ba. Idan koyar da manhajojin Premiere da After Effects ne kawai, to an yi asarar kuɗin makaranta, domin yaro mai naci zai san inda kowane maɓalli yake cikin 'yan watanni, ga DaVinci Resolve da Blender ana sauke su kyauta, ga CapCut a wayar kowa. Abin da aji ya fi kowa iyawa shi ne horar da ido a kan lokaci. Talabijin ɗinmu yana nuna hoto 25 a kowace daƙiƙa, kuma bambancin yanka mai daɗi da mai tsinke zuciya kan iya zama hoto uku ko huɗu. Rubutun da ya taso da gudu ɗaya ya tsaya cak, ido yana ƙinsa, domin a duniya ba abin da ke motsi haka. Sai ya fara a hankali, ya yi sauri, ya lafa. Masu zanen Disney biyu, Frank Thomas da Ollie Johnston, sun tattara irin waɗannan ƙa'idoji 12 a littafinsu na 1981, kuma har yau da su ake fara darasi. Gwajin Lev Kuleshov a Rasha, wanda ya nuna cewa fuska ɗaya tana sauya ma'ana gwargwadon hoton da aka jera ta da shi, shi ne tushen editin gaba ɗaya.

Sai kuma zaman sukar aiki, wanda a ganina shi ne ran wannan karatu. A haska aikin ɗalibi gaban 'yan ajinsu, a tsayar a tambaye shi me ya sa ya yanka a nan, me ya sa ja ba shuɗi ba. Wannan yana yi mana nauyi, don mun tashi da kara da kawaici, ba ma son kushe aikin mutum a gaban idonsa. Malamin da ya bari kara ta cinye wannan zama ya hana ɗalibansa abin da suka zo nema.

Sai dai ƙa'ida ba ta shiga hannu ta hanyar allo da alli. Inda ɗalibai da yawa ke layi a kan kwamfuta ɗaya, wuta ta ɗauke ana tsakiyar fitar da aiki, jarrabawa kuma ta zama ta rubuta ma'anar editin a takarda, to yaron sitidiyo zai fi mai digiri, kuma furodusa ya san haka. Kamar koyon ɗinki ne ba keke. Rashin kayan aiki ba hujjar zama ba ce dai: Moustapha Alassane na Nijar, wanda asalinsa makanike ne, ya samu horo a Kanada wajen gwanin zane mai motsi Norman McLaren, ya kuma fitar da zane mai motsi La Mort de Gandji a 1965, da hannu, hoto bayan hoto. Ya kamata sunansa ya shiga manhajar karatun kowace makarantarmu kafin na Disney.

Akwai wani aibi da aji da sitidiyo suka yi tarayya a kai, wato haruffa masu ƙugiya. Sau da yawa za ka ga sunan fim a fosta ko a mabuɗi an rubuta shi da k maimakon ƙ, da d maimakon ɗ, ko kuma harafin ya fito da wata siffa dabam a tsakiyar kalma saboda samfurin rubutun da aka zaɓa ba shi da shi. Wanda sana'arsa motsa haruffa ce bai kamata ya kasa bambance ƙasa da kasa a kan allo ba. Samfuran da ke ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ suna nan kyauta, irin su Noto na Google da Charis na SIL. Malamin da ke duba aikin ƙarshe na ɗalibi yana da ikon mayar masa da shi idan ƙugiya ɗaya ta ɓace, kamar yadda zai mayar idan sauti ya riga baki.