Littafin Ariès da Kunyar Ɗan Fari

A 1960 Philippe Ariès ya fitar da littafinsa kan yaro da zaman iyali a tsohuwar Faransa, inda ya ce Turawan da can ba su ɗauki ƙuruciya wani mataki na dabam ba. Babbar hujjarsa zane-zane ce: an zana yara tamkar manyan da aka rage wa tsawo. Linda Pollock ta yi masa raddi a 1983 da abin da iyaye suka rubuta da hannunsu.

Raunin wannan hanya ya fi bayyana in aka gwada ta a ƙasar Hausa. Baƙon da ya sauka Gidan Sori, ya ga uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa gaban jama'a, sai ya rubuta cewa ba ta damu da shi ba. Alhali kuwa kunya ce, wadda Baba ta Karo ta bayyana a littafin Mary Smith na 1954. Harshen kansa ya bambanta jinjiri da yayayye da yaro. Ga langa, ga gaɗa, ga gatanar dare. Nan ya kamata masu tsara littafin aji ɗaya su fara ɗebo kalmominsu.