Daga Bencin Majalisa Zuwa Saƙon Murya: Hira da Taimakon Juna a Iyakar Daura

Duk wanda ya ce 'yan majalisa zaman kashe wando suke yi, bai taɓa ganin ranar da aka kwantar da matar ɗayansu a asibiti ba. A ranar, bencin nan da aka saba musun ƙwallo da siyasa a kansa shi ne wurin karɓar gudummawa. Wani ya cire hularsa ya zagaya da ita, wani ya bazama neman wanda zai ba da jini, mai babur ya ce kai abinci safe da yamma a bar masa. Ba a kira taro ba, ba a naɗa kwamiti ba. Shekarun da aka shafe ana hirar da ba kai ba gindi su ne suka gama wannan aiki tun kafin ranar ta zo. A ƙasar Daura al'adar tana da wani ƙari da ba kowane gari ke da shi ba, domin da yawa daga abokan hirar 'yan wata ƙasa ne.

Ƙananan hukumomi biyar ne a masarautar: Daura, Sandamu, Mai'aduwa, Zango da Ɓaure. Ukun ƙarshe duk sun yi kafaɗa da Jamhuriyar Nijar. In ka bi ta Kwangwalam za ka faɗa Ɗan Barto, ka wuce Matamaye har Damagaram; in ka bi ta Babban Mutum, Magarya ce a gabanka. Wannan cuɗanya ta girmi iyakar nesa ba kusa ba. Lokacin da Malam Isiyaku ya karɓe birnin Daura a farkon ƙarni na 19, Sarkin Gwari Abdu da jama'arsa ficewa suka yi, zuriyarsa ta kafa sarauta a Zango da Ɓaure, ta rayu shekaru a inuwar Damagaram. Sai a farkon ƙarni na 20 Turawan Ingila suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mayar da shi gadon kakanninsa. M. G. Smith ya bi diddigin wannan tarihi a littafinsa na 1978 a kan Daura. Da Ingila da Faransa suka ja layinsu, sai ya ratsa ta tsakiyar gonaki da auratayya, aka wayi gari kawu yana riƙe da sefa, ɗan 'yar'uwarsa yana riƙe da sulalla.

Je ka kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi ka tsaya a kara. Baƙon da ya koro shanu ko raƙuma daga arewa ba ya fara ciniki da kowa sai ya sauka wurin maigidansa, dillalin da wataƙila ubansa ma a hannun uban wannan yake sauka. Za a ba shi ruwa, a shimfiɗa tabarma, a shiga gaisuwa: ina gajiya, yaya hanya, yaya aka baro mutan gida, yaya wajen Alhaji tsoho da ƙafa, damina ta yi kyau a wajenku? Mai gaggawa zai ga ɓata lokaci ne. Amma a cikin amsoshin nan dillali yake gane ko baƙonsa ya zo ne a matse, ko an yi masa rasuwa, ko fari ya taɓa su, daga nan ya san irin cinikin da zai tsaya masa a kai da kuma wanda zai yarda a ba bashi da sunansa. Babu takarda a tsakaninsu. Abin da ke riƙe da dukiyar shi ne kowa ya san gidan kowa, kuma ran Lahadi mai zuwa za a sake haɗuwa.

Hirar majalisa ma tana da ƙa'idojinta, ko da ba wanda ya rubuta su. Akwai mai majalisa, wanda ake zama a ƙofar gidansa ko shagonsa, shi ne kuma yawanci ake danƙa wa kuɗi. Akwai wanda ba a yi masa musu saboda shekaru, akwai wanda kullum shi ake tsokana kuma ya saba. Barkwanci shi ne gishirin zaman, kuma shi ne hanyar da baƙo ke samun wuri da sauri: Bafillace ya tarar da Babarbare, Buzu ya tarar da maƙeri, Bakano ya tarar da Badamagare, kafin a sauke tukunyar shayi ta biyu an zama 'yan gida. Nijar ta ɗauki wannan wasa da muhimmanci har ta kai shi gaban UNESCO, aka sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2014. Mu a wannan ɓangare muna yin sa ne kawai, ba mu cika tsayawa mu dube shi ba. A Damagaram irin wannan zama na matasa fada ake ce masa, ya bunƙasa ne a shekarun 1990, lokacin da aikin yi ya yi wuya kuma bakin jama'a ya buɗe da zuwan siyasar jam'iyyu. Su sun fi mu tsari: fada tana da suna, tana da shugaba, wani lokaci har a rubuta sunanta a jikin bango.

Matakin da ya fi ba ni sha'awa a wannan tafiya daga benci zuwa waya shi ne na shirin rediyo na zaɓi sonka, domin a nan ne aka fara abota da wanda ba a taɓa gani ba. Gidan rediyon Kaduna, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1962, a da ana kama shi a gajeren zango, mita 49, har Nijar da Kamaru da Cadi da Gana. Mutum zai sayi katin zaɓe, ya cika shi da sunayen waɗanda yake son gaisarwa, ya aika, mai gabatarwa ya karanta, a sa waƙa. Da farko dangi da abokan unguwa ake gaisarwa. Sannu a hankali sai masu saurare suka fara haddace sunayen juna. Tela a Daura ya ji wani mai shayi a Maraɗi yana yawan zaɓe, sai ya sa sunansa a katinsa; bayan 'yan makonni na Maraɗi ya rama. Daga nan aka kafa ƙungiyoyin 'yan zaɓe gari gari, da laƙabobi da sarautun wasa, aka fara ziyara. Ran sunan ɗan wani, sai ga mota ta tsaya, mutanen da muryar mai gabatarwa kaɗai ta haɗa su da angon ƙarni sun sauko da turmin atamfa da sabulu.

Abin lura a katin zaɓe shi ne ba ya ɗauke da labari ko kaɗan. Jerin sunaye ne kawai, da “ina gaishe da” da “sai kuma”. Duk da haka mutane suna kashe kuɗinsu a kai, suna kasa kunne da dare don su ji ko an ambace su. Saƙon da ke ciki guda ɗaya ne: ban manta da kai ba, kuma na faɗa a gaban duniya. Wanda aka daina jin sunansa, za a tambaya ko lafiya. Nan ne nake ganin masu raina hira suke kuskure. Suna neman amfaninta a cikin abin da aka faɗa, alhali amfanin yana cikin maimaitawar.

Wayar hannu ta gaji wannan duka. Yau majalisar unguwa guda a Daura tana da 'ya'yanta a Agege ta Legas, a zangon Kumasi, a Agadas, a Sabha ta Libiya, a Jidda, kuma suna haɗe a zaure guda na WhatsApp. Saƙon murya ne ya fi tafiya, kuma akwai dalili. Ɗan Magarya da ya yi lakwal yana rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci, ɗan Zango yana rubuta ta yadda aka koya masa a firamare, dattijon da ya yi allo kuma ajami ya sani. Murya ta raba wannan gardama. Saurari yadda ake buɗe saƙon: sallama, sannan gaisuwa ga manya da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, “Baba Alhaji, ranka ya daɗe, Allah ya ƙara lafiya”, sannan malamai, sannan sa'o'i, a tsokani taubashi, sai can a ƙarshe a faɗi abin da ya kawo mutum, in ma akwai. Katin zaɓe ne ya dawo da bakin mai shi. Idan aka yi rasuwa, saƙonnin “yaya haƙuri” za su yi ta shigowa daga ƙasashe daban daban kafin a dawo daga maƙabarta, kuɗi kuma su biyo baya, na Najeriya ta wurin mai POS, na Nijar ta Nita ko Amana, ɗan canji a bakin iyaka ya daidaita sefa da naira.

An gwada ƙarfin wannan zumunci sau biyu a 'yan shekarun nan. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari, shi kansa ɗan Daura, ta rufe iyakokin ƙasa har zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, aka sake garƙame iyaka har cikin 2024. Manyan motoci sun yi ta jibgewa, kasuwanni sun rame. Amma biki da ta'aziyya ba su tsaya ba, 'yan acaɓa sun san hanyoyin cikin gona, kuma maganar kai wa Nijar yaƙi ba ta sami masu goyon baya a majalisun kan iyaka ba, domin kowa yana da wanda zai yi wa kuka a can. Ko a sama abin haka yake. Da aka yi jana'izar Buhari a Daura ranar 15 ga Yulin 2025, Firaministan Nijar Ali Lamine Zeine ya zo, alhali ƙasarsa ta riga ta fice daga ECOWAS kuma tsakanin gwamnatocin biyu ba daɗi.

Sai dai ba zan ce komai ya tsallako lafiya daga benci zuwa waya ba. Hular da ake zagayawa da ita a majalisa tana rufa asiri: wanda ya jefa naira ɗari biyu da wanda ya jefa dubu biyar, ba mai sani sai Allah. A zauren waya kuwa jerin sunaye ake fitarwa, kowa da adadinsa a gaban sunansa, ana sabunta shi kullum. An ce don gaskiya ta fito ne, kuma akwai ƙamshin hujja a ciki, tunda an sha cin amanar kuɗin jama'a. Amma sakamakonsa shi ne marar hali ya yi shiru, daga shiru ya daina gaisuwa, daga nan ya fice, shi da aka fi kafa zauren dominsa. Na Jidda da na Legas kuma, saboda su ne masu manyan lambobi, sai maganarsu ta fara rinjayar ta dattijon da ke zaune a gida.

Abu na biyu da ya raunana shi ne shaida. An ce zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar nan ba gaisuwa kaɗai take kaiwa ba, ido take kaiwa. A da, kafin a tara wa mutum kuɗi, wani ya je ya ga majinyacin. Yanzu hoton wani a gadon asibiti da lambar asusu sun isa su zagaya zaure goma a yini guda, kuma 'yan damfara sun gane haka. Zaurukan da suka daɗe ba su watse ba, in ka bincika, za ka tarar suna da mutum a ƙasa: wani mai shago a Daura ko Mai'aduwa da za a ce masa, “Malam, taimaka ka leƙa ka gano mana.” Hanyar da ke kawo ta'aziyya cikin minti guda ita ce kuma ke kawo jita-jitar an kai hari a wuri kaza, da muryar wani da ba wanda ya san shi.

Mata ba sa zaman benci, amma sun riga maza tsara wannan harka. Ƙawance da biki suna da lissafi: abin da kika kawo mini ran auren 'yata ina riƙe da shi, ran naki zan mayar da ƙari. Baba ta Karo ta bayyana wannan dalla dalla a littafin da Mary Smith ta fitar a 1954, kuma tsarin asusun Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991, wanda daga baya aka kwaikwaya a ƙasashe da dama, a kan adashin da mata suka riga suka sani aka gina shi. Uwar adashi a Ɓaure yau tana iya samun 'yan zubi a Magarya da Kano da Makka. Tana karɓar saƙon murya, tana amsa gaisuwa, tana tambayar lafiyar yara da sunayensu. Amma kuɗin da ya shigo, a littafin makaranta mai layi take sa jikarta ta rubuta shi, kuma ba ta ɗaukar sabuwar 'yar zubi sai wata tsohuwar 'yar zubi ta ce ta san gidansu.