Nazari A Kan "Arrival", Kashi Na Farko Na Wasan The Prisoner

Ran 29 ga Satumba, 1967, aka fara nuna wasan The Prisoner a talabijin na ITV a Ingila. Kashi 17 ne duka, Patrick McGoohan shi ne jarumin. George Markstein da David Tomblin suka rubuta kashi na farko, Don Chaffey ya ba da umarni.

Ga yadda labarin ya ke. Wani ɗan leƙen asiri ya ajiye aikinsa cikin fushi a London. Yana cikin haɗa kayan tafiya, aka feso masa iska mai sa barci ta kafar makulli. Da ya farka ya ga ɗaki kamar nasa, amma da ya leƙa taga sai ga wani ƙauye da bai sani ba. A nan ba mai suna, sai lamba. Aka ba shi Lamba Shida, shugaban wurin kuwa Lamba Biyu.

Al'adar irin waɗannan wasanni ita ce a yi ta tsere a kan wata takarda ko makami. A nan kuwa asirin da a ke nema yana cikin zuciyar mutum, watau dalilin da ya sa ya bar aiki. Sun san kome na rayuwarsa tun yana yaro, har da hotuna, sai wannan abu guda. In ya faɗa, ba abin da ya rage nasa na kansa. Nan ƙarfin wasan ya ke.

Masu shirin ba su gina kurkuku mai baƙin bango ba. Sun ɗauki hoton a Portmeirion ta ƙasar Wales, wadda Clough Williams-Ellis ya soma ginawa cikin 1925, mai furanni da gidaje masu launi. Kowa yana gaisuwa da fara'a, amma mota ba ta wuce iyakar ƙauyen, taswira kuma ba ta nuna kome bayansa. Mai gadin ma wani farin balan-balan ne da a ke kira Rover, mai bin wanda ya gudu ya danne masa fuska. Rashin ido da baki shi ya ƙara masa ban tsoro.

Duk da haka akwai rauni. An gaggauta sha'anin matar da ta ba shi na'urar shiga jirgi mai saukar ungulu, har mai kallo ba ya samun zarafin tausaya mata. Amma ƙarshen ya biya bashin. Jirgin ya tashi, aka juyo da shi daga ƙasa. Cobb, tsohon abokin aikinsa da aka ce ya mutu, ashe yana raye, yana yi musu aiki. An kuma sauya Lamba Biyu tun kafin kashin ya ƙare, George Baker ya gaji Guy Doleman, domin a gane kujerar ce ke mulki, mai zama a kanta ɗan aike ne kawai.