Tuffa a Ajin Farko: Sharhi a kan Koyar da Sunayen 'Ya'yan Itatuwa da Ingilishi

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a dubi allon hotunan 'ya'yan itatuwa da ake rataye wa yara a azuzuwan renon yara da farkon firamare a ƙasar Hausa, a ga ko yana biyan bukatar da aka yi shi dominta. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa, Ingilishi kuwa ya zo a matsayin darasi. Ke nan darasin Ingilishi na farko ya kamata ya hau kan abin da yaro ya riga ya sani.

2.0 Zaɓen Kalmomi

Galibin allunan nan da apple suke farawa, watau tuffa, su bi da pear da grape da strawberry. Yaron Gumel ko Dutsin-Ma da wuya ya taɓa riƙe strawberry a hannunsa, domin a wurare masu sanyi irin na Filato ake noma shi. Idan malami ya nuna hoton, aiki biyu ya ɗora wa yaro: sanin abin da kuma sanin sunansa. Sai ya haddace sautin, ma'ana kuwa ta bar shi a baya.

Alhali ga mangwaro da gwaba, waɗanda sunayensu suka yi kusa da mango da guava, ga kankana da ayaba da dabino da tsamiya, kowanne da sunansa mai sauƙi a Ingilishi. Goruba da aduwa da magarya, da yaro yake saye a ƙofar makaranta, babu su a allon ko kaɗan. Yaron da ya shekara yana kallon wannan allo zai iya ɗauka cewa abin da ake ci a gidansu bai cancanci shiga aji ba.

3.0 Rikicin Ma'ana

Bahaushe yana da kalma ɗaya, lemo, sa'an nan ya rarrabe da lemon zaƙi da lemon tsami. Bature kuwa yana da orange da lime da lemon. Abin lura shi ne, lemon ta Ingilishi ta yi daidai da yadda muke furta lemo idan mun liƙa masa harafin mallaka. Saboda haka yaro yakan kira lemon zaƙi da wannan suna, kuma kuskuren ya bi shi har sakandare. Allon yana jera hotunan uku ba tare da ya ja hankalin malami kan wannan tarko ba.

4.0 Furuci

Hausa ba ta bambanta sautin p da f, ga shi kuwa apple da pineapple da pawpaw da pear duk p ne a cikinsu. Haka nan Hausa ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, don haka yaro yakan cusa wasali, fruit ta koma furut. Malamin da ya sa aji duka su riƙa amsawa da murya ɗaya ba zai ji wanda ya yi kuskure ba. Kalmomi irin su mango da banana da melon ba su da wannan wahala, su ya dace a fara da su.

5.0 Kammalawa

Shawararmu ga masu tsara manhaja da kwalejojin horon malamai ita ce a sake jerin kalmomin, a fara da abin da ke kan tiren mai talla, a jinkirta tuffa sai yaro ya sami gindin zama. Malami ya shigo da ɗan itacen kansa, yaro ya taɓa, ya sansana, ya faɗi sunansa cikin gajeriyar jimla, domin gani ya kori ji. Muna kuma roƙon malaman harsuna da ke wannan taro su haɗa kai da masana tsirrai su fitar da jerin sunayen 'ya'yan itatuwanmu da Hausa da Ingilishi, wanda malamin ƙauye zai iya dogara da shi.