Idon Koci: Abin da Salma al-Majidi Ta Koya a Bakin Layi

Umdurman gari ne da ƙwallo ta raba gida biyu, shuɗin Hilal da jan Merrikh, kuma filayen ƙungiyoyin biyu suna kusa da juna a unguwar Arda. A tsallaken kogi, cikin Kartum, aka kafa hukumar ƙwallon Afirka, CAF, a watan Fabrairun 1957, a nan kuma aka buga gasar cin kofin nahiyar ta farko a wannan shekarar. Da gasar ta sake dawowa a 1970, Sudan ta doke Ghana da ci ɗaya mai ban haushi ta ɗauki kofin. A irin wannan gari kowa koci ne da baki. Direban bas yana da jerin 'yan wasansa sha ɗaya, wanda ya zauna shan shayi a gindin bishiya ma yana da nasa. Amma tsakanin mai sharhi da mai horaswa akwai nisa, kuma wata 'yar garin, Salma al-Majidi, ta taka wannan nisan da ƙafarta tun daga farkonsa.

Tana da shekara 16 ta fara tsayawa kallon atisayen ƙungiyar makarantar ƙaninta. Abin da ya ja hankalinta shi ne mutumin da ke riƙe da usur: yadda yake jera robobi a ƙasa, yadda yake nuni da hannu, lokacin da yake tsayar da wasa da lokacin da yake ƙyale shi ya gudana. Idan an tashi sai ta je ta tambaye shi dalilin abin da ya yi. Da ya ga tana da ido, ya ba ta dama ta taimaka masa. Daga nan ta horar da yaran Hilal 'yan ƙasa da shekara 13 da 'yan ƙasa da 16, sannan ta koma ƙungiyoyin manya na maza: Nasr ta Umdurman, da Nahda, da Nil ta Halfa, da Mourada, da Ahli ta Gadarif, garin da duk wanda ya san tarihin hanyar aikin hajji ta ƙasa ya san akwai Hausawa birjik a cikinsa. Ta sami lasisin horaswa na CAF mai daraja ta B, FIFA ta amince cewa ita ce Balarabiya ta farko da ta horar da ƙungiyar maza, BBC kuma ta sa ta cikin mata ɗari na shekarar 2015.

A lokacin da ta taso babu gasar mata a Sudan, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasar ta fitar da fatawa a 2012 tana hana kafa tawagar mata. Bakin layi ne kaɗai wurin da ya rage mata. Ni a ganina tsayuwar nan ce ta ba ta abin da tsofaffin 'yan wasa da yawa ke rasawa idan sun koma horaswa. Wanda ya shekara goma da wani abu yana buga lamba tara ya saba ganin fili daga inda yake tsaye, raga a gabansa, 'yan baya biyu a wuyansa. Wanda ya koya daga waje tun farko mutum ashirin da biyu yake gani lokaci ɗaya.

Mu fara da robobin nan, domin a wurinsu ne aikin yake ɓoye. Koci zai ajiye guda huɗu ya yi murabba'i, kowane gefe kamar taku goma sha biyu. Mutum huɗu a gefuna suna ba juna ƙwallo, biyu a tsakiya suna farautarta. Mai kallo daga nesa zai ɗauka ɗumama jiki ake yi. Amma ka lura da abin da zai faru idan kocin ya sunkuya ya jawo kowace roba ciki da taku biyu. Yaron da ɗazu yake tare ƙwallo, ya ɗaga kai, ya zaɓi wanda zai ba, yanzu kafin ya ɗaga kan an riga an ƙwace. Sau uku ana ƙwace masa, sai ka ga da kansa ya fara waigawa tun ƙwallon tana hanya. Sai ya fara buɗe jikinsa, ya karɓa da ƙafar da ta fi nisa da mai matsa masa, taɓawar farko ta kai ƙwallon inda zai bayar. Babu wanda ya yi masa lacca. Ƙuncin wurin ne ya koya masa. Idan kuma kocin ya buɗa murabba'in ya kai taku ashirin, darasin ya canza: yanzu ƙarfin bugu ake nema, da numfashi, da sanin lokacin da na tsakiya za su taso tare maimakon ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙara doka cewa taɓawa biyu kawai aka yarda, wani darasin ne. Ya ce sai an yi bayarwa takwas kafin a ƙirga ci, wani ne kuma daban. Kamar tela ne da ya san inci ɗaya ke raba rigar da ta zauna da wadda ta matse. Wannan awon, sanin taku nawa ya dace da waɗannan yaran a wannan yammacin, shi ne abin da yarinya 'yar shekara 16 ta tsaya tana tambaya a kai, kuma tambayar da ta dace ke nan.

Ranar wasa kuma aikin ya koma na ido zalla. Jama'a suna bin ƙwallo, koci yana kallon inda ba ta. Idan 'yan wasansa suna kai hari, bayansu yake dubawa: mutum nawa suka rage, wa ke riƙe da ɗan gaban abokan hamayya, idan aka ƙwace yanzu ta wace kafa za a ɓullo. Idan su ake kai wa hari, tazarar da ke tsakanin 'yan baya da 'yan tsakiya yake aunawa, domin da zarar ta buɗe sosai, ɗan wasa mai wayo zai shiga ya zauna a cikinta, ya karɓa ya juya, kuma daga nan matsala ke farawa. Yana lura da ɗan bayan gefe da ke haurawa da gudu amma yake dawowa da tafiya. Yana lura da ɗan bayan abokan hamayya da kullum ke gyara ƙwallo zuwa ƙafar dama, alamar hagunsa ba ta da ƙwari, don haka ta damar za a tare shi a tilasta masa amfani da hagun. Yana ganin wanda ya fara dafa ƙugu a minti na sittin tun kafin shi ɗan wasan ya yarda ya gaji.

Sai hutun rabin lokaci, minti goma sha biyar kacal, wanda tafiya da shan ruwa da mayar da numfashi za su cinye kusan rabinsa. Koci ya ga abubuwa goma, amma kan da ya gaji ba ya ɗaukar fiye da biyu ko uku. Zaɓen waɗanda za a faɗa da haɗiye sauran yana cikin mafi wuyar sashen sana'ar, kuma nan ne sababbin shiga suka fi faɗuwa, su cika ɗaki da faɗa, yara su fita ba su riƙe komai ba.

Duk wannan a Sudan ake yinsa, inda zafin Mayu da Yuni ke haura digiri 40, guguwar ƙurar nan da suke kira habub kuma tana iya rufe gari cikin ɗan lokaci. Mutumin Sakkwato ko Maraɗi ba sai an yi masa dogon bayani ba. Yawancin filayen unguwa ƙasa ce busasshiya mai tauri, ƙwallo tana tsalle yadda ta ga dama, wanda ya faɗi kuma sai ya bar fata. Dole koci ya san tsawon gudun da jiki zai ɗauka bayan la'asar, ya san yadda zai mayar da atisaye dare idan azumi ya kama, ya kuma san cewa tsarin gajerun bayarwa da ya gani a talabijin a kan ciyawar Turai sai an yi masa kwaskwarima kafin ya yi aiki a nan.

Akwai kuma abin da babu kwas ɗin da ke koyar da shi, wato yadda ƙarti za su saurare ka. Salma ta taɓa ba manema labarai labarin wani ɗan wasa da ya ƙi bin umarninta, ya ce a al'adarsu namiji ba ya karɓar umarni daga mace, kuma sai da aka ɗauki watanni kafin ya sauko. Daga baya 'yan wasanta suka riƙa kiranta da laƙabin da ke nufin 'yar'uwa koci. Duk wanda ya zauna da 'yan ƙwallo ya san hanyar da girman koci ke shiga zukatansu. Ka ce wa ɗan wasa, "Lamba biyar ɗinsu zai biyo ka har tsakiya, kai dai ka ja shi, ɗan'uwanka zai shiga bayansa." Ya fita ya gwada, abin ya faru yadda ka faɗa. Idan haka ta maimaitu, gardama ta ƙare, domin ɗan wasa yana son wanda zai sa ya yi kyau a fili. Ƙungiyoyin maza da suka riƙa ɗaukar ta ɗaya bayan ɗaya sakamako suke nema, kuma shugaban kulob ba ya ba da benci don tausayi.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo ne daga ɓangaren mata. Tun 2001 akwai ƙungiyar Tahaddi a Kartum, wadda Sara Edward ke cikin jagororinta, suna atisaye a filin Comboni ba tare da gasa ba. Labarinsu ne Marwa Zein ta ɗauka a fim ɗinta Khartoum Offside na 2019. Bayan faɗuwar gwamnatin Umar al-Bashir, aka buɗe gasar mata ta farko ranar 30 ga Satumban 2019 a filin wasa na Kartum, da ƙungiyoyi 21, kuma ƙungiyar Difa ta doke Tahaddi da ci 1-0 a wasan ƙarshe a watan Disamba. Ba a cika shekara biyu ba aka tura tawagar ƙasa Alƙahira gasar matan Larabawa a Agustan 2021, Masar ta zura musu 10. A watan Oktoba Aljeriya ta ci su 14-0 a neman gurbin kofin Afirka, wasa na biyu kuma bai yiwu ba saboda juyin mulkin 25 ga watan. Zuwa farkon 2022, lokacin da suka karɓi baƙuncin Sudan ta Kudu a wasannin sada zumunci, Salma ce ke jan ragamar tawagar.

Masu dariyar waɗannan alƙaluma ba su san abin da suke kallo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Taɓawar farko, da waigen nan kafin ƙwallo ta iso, da sanin inda za ka tsaya idan ba ka da ita, abubuwa ne da ke shiga jiki tsakanin shekara takwas zuwa sha biyu. Koci da aka ba mata 'yan shekara ashirin da wani abu, waɗanda da yawansu ba su sami wannan ƙuruciyar a fili ba, aiki biyu ne a kansa lokaci ɗaya: ya koyar da harafi, ya kuma shirya su jarrabawar gobe. Dabarar da ta rage masa ita ce ya yanka wasan gunduwa-gunduwa. A riƙe layuka kusa da juna. A yi minti goma ba a ci ba, sannan a nemi wasu goman. Kowa ya san mutum ɗaya da zai riƙe a bugun kusurwa. Bayan an sha kashi kuma, ya nemo abu ɗaya da aka yi daidai ya nuna musu shi, don su dawo atisaye washegari. Riƙe tawaga a irin wannan hali ya fi cin kofi da gwanaye wuya, kuma ba kowane mai lasisi ne zai iya ba.

Ƙasar Ayalan ta nuna tsawon hanyar. Matanta sun buga wasansu na farko a 1973 da Wales, a 2017 sai da suka fito fili a Dublin suna neman kayan sawa da alawus daga hukumarsu, kuma sai a 2023, bayan shekara hamsin, suka je gasar cin kofin duniya, inda suka tashi canjaras babu ci da Najeriya a Brisbane. Ƙwallonsu ta farko a gasar kyaftin Katie McCabe ce ta ci Kanada a Perth, a minti na huɗu, kai tsaye daga bugun kusurwa, ta murɗa ta da hagu ta wuce saman mai tsaron gida ta faɗa can ƙarshen raga. Wannan ƙafar hagun tun tana ƙarama ake gyara ta a ƙungiyoyin unguwa na Dublin, kafin Raheny United da Shelbourne, kafin Arsenal ta ɗauke ta a Disambar 2015, kafin a ba ta kyaftin ɗin ƙasa tana da shekara 21. A kowane mataki akwai wani da ya jera mata robobi ya auna tazara.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tsayar da ƙwallo a Kartum da Umdurman baki ɗaya. Hilal da Merrikh sun sami mafaka a gasar Muritaniya a kakar 2024/25, Hilal ma ita ta ƙare a saman tebur. Gasar mata, da ba ta kai shekara huɗu ba, ta watse tare da 'yan wasanta. Duk ranar da aka koma fili, wanda za a fi buƙata shi ne koci da ya san aikin yara, kuma Salma da 'yan ƙasa da shekara 13 ta fara. 'Yan matan da za su sa rigar Sudan nan da shekara goma yanzu suna firamare ne, wasu a Port Sudan da Gadarif, wasu a Alƙahira, wasu a sansanonin 'yan gudun hijira na gabashin Chadi, kuma shekarun da ake koyon taɓawar farko suna wucewa a kansu a yanzu.